Titin gaban firamare: mu zuba tudun rage gudu ko mu fara aunawa?

Sakataren Unguwa: Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Kamar yadda aka sani, tun da aka faɗaɗa titin da ya ratsa gaban firamare da islamiyya aka sa mashi sabuwar kwalta, gudu ya ƙaru matuƙa. Kuɗin karo-karo sun kai a sayi siminti da tsakuwa. Shawarar da ke gabanmu ita ce a zuba tudun rage gudu ranar Asabar da dare. Mai unguwa ya ce a ji ta bakin kowa tukuna. Bismillah.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Ni dai a zuba. Kullum da safe sai na tsallakar da yara da hannuna sannan in koma gida, kuma ba kowace uwa ke da wannan sararin ba. Me ake jira, sai an ɗauki gawa?

Mai Kurkura: Hajiya, wallahi ina tare da ke a kan yara, ni ma ɗiyana nan suke karatu. Amma don Allah kar a yi mamu irin tudun da ake yi a wasu unguwanni, mai tsini, babu fenti, babu alama. Da dare ba ka ganin shi sai ka hau. Na taɓa ɗauko mai naƙuda zan kai ta asibiti, kowane tudu sai na tsaya cak na haura da ƙafa ɗaya ɗaya tana salati. 'Yan acaba kuma ba su hawa, sauka suke gefen titi su zagaye shi, daidai inda yaran ke tafiya.

Injiniya: Salam. Sakatare, ina roƙon a ɗage aikin Asabar, a ba ni dama in yi bayani ko da zai yi tsawo.

Abin da ya faru da titinmu ba baƙon abu ba ne. Direba ba da allon gefen hanya yake tuƙi ba, da abin da idonshi ya nuna mashi yake tuƙi. In ya ga titi mai faɗi, miƙaƙƙe, sumul, ƙafarshi da kanta za ta danna totur, ko da mutumin kirki ne. Da can ramuka da ƙuncin hanya ke riƙe mutane. An gyara, abin da ke riƙe su ya tafi, ba a sa wani a madadinshi ba.

Ga lissafin da nake so kowa ya riƙe. Mai gudun kilomita 30 a awa, daga lokacin da ya ga yaro zuwa tsayawar mota, yana cin wajen mita 13. Mai gudun 50 yana cin wajen mita 28. Abin tsoron shi ne, a daidai inda mai 30 ya riga ya tsaya, mai 50 ko burki bai gama takawa ba, da cikakken gudunshi zai daki yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa yana ninkuwa sau huɗu da rabi idan gudun motar da ta buge shi ya tashi daga 50 zuwa 65. Shi ya sa a taron ministoci na Stockholm a 2020 aka amince cewa inda motoci ke cakuɗuwa da masu tafiya a ƙasa, gudu kar ya wuce 30. Dokar hanya ta Najeriya ta ce 50 a cikin gari, kuma 50 ɗin ma ta yi yawa a ƙofar makaranta.

To ba na jayayya da rage gudu. Abin da nake ƙi shi ne mu zuba siminti cikin dare ba mu san gudun nawa ake yi ba, ba mu san ta ina yara suka fi tsallakawa ba, ba mu san wane lokaci ya fi haɗari ba. In an yi haka, bayan wata shida wani zai ce ya yi amfani, wani ya ce bai yi ba, kuma babu mai hujja.

Maman Ummi: Injiniya, ai ido ma ma'auni ne. Kowa na gani.

Injiniya: Gaskiya ne Hajiya, ido ya nuna mamu akwai matsala. Amma ido ba zai gaya ma ma'aikatar ayyuka komai a takarda ba, kuma su takarda suke karɓa. Aunawar ba ta buƙatar na'ura. A auna mita 50 a kan titin, a yi alama da farin fenti a farko da ƙarshe, mutum ɗaya ya riƙe agogon waya. Abin hawan da ya cinye tazarar cikin daƙiƙa 6 yana kan 30. Wanda ya cinye cikin daƙiƙa 3.6 yana kan 50. Daƙiƙa 3 kuwa 60 ke nan. A rubuta na guda 100, a ware mota daban, kurkura daban, babur daban, tifa daban. Sai a jera daga mafi sanyi zuwa mafi gudu a duba na 85. Wannan lambar injiniyoyi ke dubawa, domin ita ke nuna halin titin, ba halin mahaukacin direba guda ba.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, na karanta duka. Ni abin da na gani a shekaruna, ba titi ke kashe mutane ba, rashin tarbiyya ne. Yaro ɗan shekara goma sha biyu an ba shi babur. A yi biki, samari su fito suna wasa da mota a kan kwalta. Wane siminti zai gyara wannan? Sannan kar mu manta ajali in ya zo ba a tare shi.

Malamin Islamiyya: Allah ya ƙara ma Baba lafiya. Ajali gaskiya ne, babu musulmin da ke shakka. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ma mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Maganar tarbiyya kuwa Baba ya faɗi gaskiya, za mu ci gaba da faɗa a huɗuba da makaranta. Sai dai ɗalibaina 'yan shekara shida ne da bakwai. Ko na koya masu duba dama da hagu sau dubu, yaro yaro ne, wata rana takalminshi zai faɗi ya juya ya ɗauka. Ina so ranar da ya yi wannan kuskuren, motar da ke tahowa ta kasance mai iya tsayawa.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, ka faɗi ainihin tushen ilmin nan. Abin da majalisar Suwidin ta amince da shi ke nan a 1997: ɗan Adam zai yi kuskure, aikin mai zana titi shi ne kuskuren kar ya zama mutuwa.

Ɗan Ƙofar Marusa: To fa, an fara kawo mamu Turai. Yallaɓai nan Katsina ce. Can kowa na da lasisi, kowa na tsayawa a danja. Nan ka shafa fentin tsallakawa yau, wa zai tsaya maka? Ni a ganina gadar sama ta masu tafiya a ƙasa ce magani. A rubuta ma gwamnati ta yi mamu, kowa ya huta.

Anti Nas: Ƙanena, gadar tsallakawa wa za ta yi ma aiki? Tsohuwa mai ciwon gwiwa? Mai ciki? Gurgu a kan kekenshi? Mai turin ruwa da kura? Mai tallan da ke ɗauke da tire? Duk waɗannan ƙasa za su bi, kuma direba zai ƙara wuta tunda a ranshi an riga an yi masu gada.

Bari in ƙara wani abu daga wajen aikina, don ya shafi aunawar da Injiniya ke magana. In kun ce za ku dogara da alƙaluman hukuma don sanin mutum nawa aka buge a titin nan, za ku samu kaɗan ƙwarai. Wanda ya karye, sau da yawa wajen mai ɗori ake kai shi. Wanda ya rasu nan take, a yi mashi sutura kafin la'asar, a yafe ma direba, magana ta mutu. A ƙasa baki ɗaya ma haka abin yake: a 2016 alƙaluman da aka rubuta a Najeriya mutum dubu 5 ne da 'yan kai, amma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na wannan shekarar ya kusa dubu 40. Don haka ku buɗe littafinku na unguwa. Mai kemis, mai faci, mai shayi, hedimasta, duk wanda ya ga an buge wani ko an kusa, a rubuta rana da lokaci da wuri da irin abin hawa. Ba sai an sa sunan kowa ba.

Ɗan Ƙofar Marusa: Anti na ji maganar gada. Amma ba a amsa mani ta Turai ba.

Ɗalibar Jami'a: Yaya, bari in amsa maka da Afirka. A Darussalam ta Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna Amend ta yi aiki a kewayen makarantun firamare. Ba wani abu mai tsada ba: tudun rage gudu, zanen tsallakawa, hanyar ƙafa a gefe, turaku masu raba yara da motoci, alluna, wani wurin ma sauya ƙofar makaranta kawai aka yi ta daina fuskantar babban titi. Abin da ya burge ni shi ne yadda suka auna. Makarantu 18 aka ɗauka, aka yi ma 9 aikin, aka bar 9 don kwatantawa, aka bi gida gida ana tambaya kafin aiki da bayan aiki. Raunukan yara sun ragu da kashi 26 cikin 100. Su ma suna da 'yan acaba da masu kurkura kamar mu.

A Ghana kuma, a mahaɗar Suhum kan hanyar Accra zuwa Kumasi, ƙananan kunyoyi masu girgiza mota aka jera a kan kwalta, haɗurra suka ragu da wajen kashi 35, mace-mace da wajen kashi 55.

Mai Kurkura: Maganar sauya ƙofar makaranta ta shige ni. Firamarenmu ai tana da katanga ta bayan lungu. In aka fasa ƙofa can, rabin yaran ba su ma zuwa bakin kwalta.

Hedimasta: Wannan sai da izinin hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma, amma abu ne da za a iya nema, kuma zan rubuta. Sai dai yaran tsallaken titi dole su tsallaka ko ta ina ƙofa take.

Injiniya: Su ne nake tunani. Yaro ƙarami na tafiyar wajen mita ɗaya a daƙiƙa. Kwalta mai faɗin mita 7 daƙiƙa 7 ke nan yana tsakiyar hanya. Mota mai gudun 60 tana cin kusan mita 117 a wannan lokacin, ya fi tsawon filin ƙwallo. Wato sai yaro ya hango abin da ke can nesa ta dama da ta hagu a lokaci guda, ya kuma ƙiyasta gudunshi. Babba ma yana kuskure a nan.

Shi ya sa a wurina abu na farko ba tudu ba ne, tsibiri ne a tsakiyar titi, wurin tsayawa mai ɗan tsawo da faɗin da zai ɗauki uwa da yaranta, kamar mita 2. Ka tsallaka rabi kana duban gefe ɗaya, ka tsaya, ka tsallaka sauran. Kuma tsibirin na matse hanya, direba na ganin shi yake sassautawa. Hukumar manyan hanyoyi ta Amurka na lissafa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna rage buge masu tafiya da fiye da rabi. Bayan shi sai tudu mai faɗin kai, wanda samanshi shimfiɗaɗɗe ne, shi ne kuma wurin tsallakawar. Tudun da aka yi bisa ƙa'ida tsawonshi ta inda mota ke bi ya kai wajen mita 3.7, tashinshi bai wuce santimita 10 ba. Mai gudun 25 zuwa 30 zai hau ya sauka lafiya, mai naƙuda ba ta wahala, mai 60 ne zai ji a jikinshi. Dole ya kai daga bakin lambatu zuwa bakin lambatu don kar babur ya zagaye, a shafa fenti, a sa allo kafin a iso, a tabbatar akwai fitila a kanshi, a kuma bar ma ruwan sama hanya. In ba haka ba damina na zuwa ruwa zai kwanta ya cinye kwaltar.

Ɗan Ƙofar Marusa ya yi gaskiya a abu ɗaya: fenti kaɗai ba ya tsayar da kowa. Ba a Katsina kaɗai ba, ko'ina.

Mai Shago: Duk na ji, amma ku dube mu. In aka sa tsibiri aka matse hanya, ina mai saye zai ajiye mota? Ina motar kaya za ta sauke mani buhuna? Da wannan shagon nake ciyar da gida.

Maman Ummi: Alhaji, motocin da ke tsayawa ƙofar shagunan ne fa ke rufe yaran. Yaro na fitowa daga bayan mota sai dai a ji ƙarar burki.

Mai Shago: Hajiya ban musa ba. Amma a ce mani ina za su koma, kar a ce kawai a hana.

Injiniya: Haƙƙinka ne ka tambaya, Alhaji. Ba duka layin za a hana ba, 'yan mitoci ne kafin wurin tsallakawa ta kowane gefe, don direba ya ga yaro, yaro ya ga direba. Sauke kaya kuma a sa mashi lokaci, ban da sa'ar shiga makaranta da tashi. Kuma wannan na cikin dalilin da nake son a fara da gwaji. A jera durom-durom da aka cika da yashi aka shafa masu fenti mai ƙyalli, a fitar da siffar tsibirin da su, a bar shi makonni. In tifa ba ta iya wucewa, a matsar. In cinikinka ya faɗi, ka faɗa, a duba. In wurin tsallakawar bai dace da inda mutane ke bi ba, a gusar da shi, don mutum ba ya zagaye mai nisa saboda an shafa fenti. Durom ana ɗaga shi, siminti sai an fasa.

Ɗan Ƙofar Marusa: To ya batun manyan ayyuka? Gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura da ta Ƙofar Ƙwaya ai sun warware gosulo, kowa shaida ne. Ba irin wannan ya kamata mu nema ba?

Injiniya: Sun sauƙaƙa wucewar motoci, babu musu. Amma tambaya biyu ce daban: mota nawa ke wucewa cikin minti, da mutum nawa ke isa gida lafiya. Ana iya cin ta farko a faɗi ta biyu, domin motar da ba ta tsaya a mahaɗa ba da gudunta take fitowa. Kowane babban aiki, ko a hanyar Dutsinma ne ko ta Jibiya ko ta Daura, kamata ya yi a auna shi da ma'auni biyun. Namu titin ba cunkoso ke damun shi ba, rashin cunkoson ne ma ya kawo gudun.

Ɗalibar Jami'a: Injiniya, akwai abin da malaminmu na ƙididdiga ya ja mamu kunne a kai. Yawanci ana gyara wuri ne bayan an yi mummunar shekara. Shekarar da ke biye kuma sau da yawa adadin kan sauka da kanshi ko ba a taɓa komai ba, sai a ce gyaran ne. Har na Suhum da na kawo, lokacin da aka auna bayan aikin gajere ne, don haka a riƙe shi da hankali. Wanda ya fi ƙarfi shi ne na Landan, inda aka bi bayanan shekara 20, daga 1986 zuwa 2006, aka ga unguwannin da aka mayar gudunsu mil 20 a awa, wato wajen kilomita 32, waɗanda haɗari ya shafa sun ragu da kusan kashi 42.

Injiniya: Madalla ƙanwata. Shi ya sa ba za mu jira ƙirga gawa ba, Allah ya kiyaye. Titi ɗaya ba ya ba da adadin da za a yanke hukunci da shi cikin 'yan watanni. Abin da za mu auna kafin da bayan gwaji: gudu, yawan masu tsallakawa da inda suke bi, daƙiƙa nawa yaro ke jira kafin ya samu sarari, da sau nawa aka taka burkin gaggawa ko aka kauce. A yi a rana iri ɗaya da lokaci iri ɗaya, kar a gwada Talata da Juma'a, kar a gwada lokacin karatu da hutu. A zaɓi wani titi mai kama da namu da ba a taɓa ba, a auna shi tare. Sannan a sa ido a lungunan baya, don wani lokaci gudun ba ya mutuwa, ƙaura yake yi, 'yan acaba su koma bi ta ƙofar gidajen mutane inda yara ke wasa.

Baba Alhaji: Na saurara, kuma na ga hankali a ciki. Amma ina nan kan bakana game da yaran da ake ba babur. Ku sa wannan ma a takardar, a roƙi KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, da 'yan Road Safety su riƙa tsayawa lokacin tashin makaranta. Kuma kar wanda ya ɗora ko durom ɗaya a kan kwalta sai hukuma ta sani. In wani ya daka cikin dare ya ji ciwo, mu za a kama, kuma da gaskiyarsu.

Injiniya: Haka ne Baba. Sai mun fara tantance mai titin ma, na tarayya ne, na jiha ko na ƙaramar hukuma, don shi ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ina kyautata zaton na jiha ne, in haka ne ma'aikatar ayyuka da KASROMA, hukumar gyaran hanyoyin jiha, za a nufa, a ba KASSAROTA kwafi.

Maman Ummi: Ni fa har yanzu hankalina bai kwanta ba. Ku auna, ku rubuta, ku jira amsa, wata nawa ke nan? Yaran gobe da safe za su tsallaka.

Malamin Islamiyya: Hajiya tana da gaskiya, kar aunawa ta zama dalilin zama. Daga gobe ni da malamai biyu za mu tsaya bakin titi safe da yamma mu riƙa tara yara muna tsallakar da su rukuni rukuni. Iyaye maza masu hali a karɓe mu wasu ranakun.

Mai Kurkura: Ni zan yi ma shugabannin tasharmu magana, mu daina sauke yara a tsallake, mu riƙa juyowa mu ajiye su gefen makaranta. In ana buƙatar mai riƙe agogo ranar aunawa a sa sunana, amma ban da safiyar Litinin.

Sakataren Unguwa: To Alhamdulillah. An ɗage zuba siminti, kuɗin na nan a asusu ba a taɓa ba. Injiniya da Ɗalibar Jami'a su fitar da takardar da za a riƙa cikewa kafin Juma'a. Aunawa Talata da Laraba, ƙarfe 7 zuwa 8 na safe da lokacin tashi. Anti Nas ta buɗe littafi a kemis. Hedimasta zai bi maganar ƙofa. Alhaji Mai Shago, muna so ka shiga cikin masu zuwa ma'aikata don a ji ta bakin 'yan kasuwa.

Mai Shago: Zan je. Amma a rubuta a takardar cewa gwaji ne, kuma za a zauna da mu kafin a zuba siminti.

Maman Ummi: A kuma rubuta ranar da za a dawo mamu da amsa. In ta wuce ba a ji komai ba, mu mata za mu je wajen mai unguwa da kanmu.